In jinka ta faɗi, wa zai biya? Darasin Heathrow kan ƙirƙira tsakanin kamfanonin gini

Ana ginin wani gida a bayan layinmu, wata safiya na tsaya ina kallon mai wayarin yana farfasa bango da guduma. Filastar nan ba ta fi kwana huɗu da gamawa ba, sumul da ita, amma haka ya bi ta yana tsagawa daga sama har ƙasa don ya binne fayif ɗin waya. Birkilan da ya yi ta yana zaune a kan bulo yana shan koko, ko a jikinsa. Na ce masa, "Malam, me ya hana a binne fayif ɗin nan tun kuna ɗora bulo?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Yallaɓai, ni a kan bulo ake biya na. In na tsaya jiran mai waya, wa zai biya ni yinin? Gobe ma ni za a kira in toshe, a sake sallamata."

Babu wanda bai san aikinsa ba a wurin nan. Dabarar ma ba ɓoyayya ba ce, yaron da ke kwaɓa siminti ya san ta. Abin da ya hana ta aiki shi ne sai mutum uku sun yarda lokaci guda, kuma wanda zai yi asarar yini daban, wanda zai ci ribar daban. Wannan ƙaramin al'amari shi ne dai masu bincike a jami'o'in Turai suka shafe wajen shekara talatin suna juyawa, sai dai su a kan ayyukan biliyoyin fam suke kallonsa. Tambayarsu ita ce yadda kamfanonin gini, kowanne da aljihunsa da lauyansa, za su haɗu su fito da sabuwar hanyar aiki.

Harkar gini ta yi ƙaurin suna wajen ƙin sauyi. Alƙaluman da aka fi yawo da su na kamfanin McKinsey ne, a rahotonsa na 2017: cikin shekara ashirin da suka gabata, yawan aikin da ma'aikacin gini ke fitarwa ya riƙa ƙaruwa da kashi 1 cikin 100 kacal a shekara, alhali na tattalin arzikin duniya gaba ɗaya yana kashi 2.8, na masana'antu kuma 3.6. Ba na musun alƙaluman, amma akwai gyara a yadda ake karanta irinsu. Wani malamin jami'a a Birtaniya, Graham Winch, ya nuna tun 2003 cewa ma'aunin da ake kwatanta gini da sauran sana'o'i karkatacce ne. In hukumar ƙididdiga za ta auna masana'antar mota, tana haɗa masu zana motar da masu ƙera ta, ta ware kanikawa da dillalai a wani rukuni. In ta zo kan gini sai ta juya: masu zane da injiniyoyi suna wani rukuni, masu yin siminti da gilashi da ƙarfe suna wani, abin da ya rage da sunan gini shi ne masu aikin fili da masu gyare-gyare. An cire inda aka fi yin bincike, sannan aka dawo aka ce babu bincike. Da za a auna Toyota da garejin kanikawa, ita ma da ta fito ta baya.

Gyaran Winch ya nuna inda ya kamata a sa ido. Sabuwar dabara a gini ba ta cika zama a cikin kamfani ɗaya ba. Mai yin siminti yana iya fito da kankare mai saurin kamawa, amma in injiniya bai rubuta shi a takardar aiki ba, ɗan kwangila ba zai saya ba. In ya saya, sai hukumar da ke duba ƙa'idar gini ta amince. In ta amince, kamfanin inshora yana iya cewa shi bai san wannan kaya ba. Shi ya sa da yawa daga masu binciken suka rage ƙirga kuɗin da kowane kamfani ke zubawa a ɗakin gwaje-gwaje, suka koma bin sawun abin da ke gudana a tsakanin kamfanoni: wa ke magana da wa, wa ke zama ofis ɗaya da wa, me takardar kwangila ta ce, su wa suka taɓa aiki tare.

Bayanin da na fi gamsuwa da shi daga Suwidin ya fito. A 2002, Anna Dubois da Lars-Erik Gadde na jami'ar Chalmers suka ce harkar gini ɗauri biyu gare ta. A cikin aiki guda, ɗaurin tamau yake: in mai rodi bai gama ba, mai kankare ba zai zuba ba, kullum ƙafar wani tana kan ta wani. Amma da zarar aikin ya ƙare, ɗaurin sako-sako ne. Kowa ya kama gabansa, aiki na gaba da wasu mutane ne, a wani gari, ƙarƙashin wani mai aiki. To wanda bai san da wa zai haɗu gobe ba, gara masa ya tsaya a kan kayan da kowa ya sani, a zo fili a yanka a daidaita. Kuma duk wata hikima da aka gano ana tsakiyar aiki, ana kuwa gano su da yawa, tana watsewa ranar da aka kwashe kwantenonin ofis. Kamfanin mota da mai yi masa birki suna tare shekara da shekaru, kuskure ɗaya sau ɗaya suke gyara shi. Magina kuwa a kowane fili sai sun sake gyara shi.

A kan wannan sai a ɗora yadda ake ba da kwangila. Mai aiki ya sa a yi zane, ya kira tayi, ya ba mafi arha. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya ci ya riga ya san inda zai fanshe: duk kuskuren da ke cikin zane, duk sauyin da mai aiki ya nema, kuɗi ne. Saboda haka in ya hango matsala tun da wuri, maslaharsa ita ce ya ja bakinsa har ta girma, sannan ya rubuto takardar neman ƙari. Birkilanmu kenan, an sa masa kwat an ɗaukar masa lauya. A irin wannan tsari, wanda ya kawo sabuwar dabara ya ɗaukar wa kansa dala ba gammo. In ta yi, mai aiki ne ya samu sauƙi. In ba ta yi ba, shi za a maka a kotu. Mu ma tsarin ba baƙo ba ne gare mu, don dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnatin Najeriya ta 2007 ginshiƙinta shi ne a ba mai mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. An yi haka ne don toshe son kai da cuwa-cuwa, kuma dalili ne mai ƙarfi da zan dawo kansa.

Birtaniya ta yi rahotanni biyu a kan wannan cuta. Na Sir Michael Latham a 1994 ya ce gaba da rashin yarda sun yi wa masana'antar katutu, ya sa burin rage tsadar gini da kashi 30 cikin 100 kafin shekarar 2000. Na Sir John Egan a 1998 ya nemi a riƙa rage kuɗi da lokaci da kashi 10 kowace shekara. Rahoto kam ko'ina ana yi, a ajiye a kanta ya sha ƙura. Abin da ya bambanta Egan shi ne daga masana'antar mota ya fito, ya shugabanci Jaguar, kuma a lokacin shi ke riƙe da BAA, kamfanin da ya mallaki filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan. Yana da gonar da zai gwada irinsa.

Kuma kamfanin nasa ya riga ya ɗanɗana kuɗarsa. A watan Oktoba na 1994, ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa ƙarƙashin tsakiyar Heathrow ya rufta, ƙasa ta zurma, gine-ginen da ke sama suka tsattsage. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Daga baya, a 1999, kotu ta ci tarar ɗan kwangilar, Balfour Beatty, fam miliyan 1.2. Bisa al'ada, abin da zai biyo bayan ruftawar shi ne aiki ya tsaya, lauyoyi su karɓi fili na tsawon shekaru. BAA sai ya zaɓi wata hanya, ya haɗa ma'aikatansa da na ɗan kwangilar suka zama ayari ɗaya don ceto aikin, jirgin ya fara jigila a 1998. Abin da shugabannin kamfanin suka fahimta mai sauƙi ne amma mai ɗaci. Komai yawan sharuɗɗan da ka jibga wa ɗan kwangila a takarda, ranar da ƙasa ta rufta filin jirginka ne ya tsaya, fasinjojinka ne suka maƙale. Haɗarin da kake zaton ka sayar wa wani, a gidanka yake kwana.

A daidai wannan lokaci masu haƙar mai a Tekun Arewa sun gwada abu makamancin haka. A rijiyar Andrew, kamfanin BP ya haɗa 'yan kwangilarsa suka amince da farashi guda na fam miliyan 373, bisa sharaɗin in an kashe ƙasa da haka a raba rarar, in an zarce a raba asarar. Aka gama a 1996, kafin lokaci, a kan kimanin miliyan 290. Labarin ya zaga.

Don haka da gwamnati ta amince da gina tashar fasinjoji ta biyar a Heathrow a Nuwamban 2001, bayan zaman sauraron ra'ayin jama'a da ya ci kusan shekara huɗu, BAA ya fara da duba tarihi. Ya bi manyan ayyukan Birtaniya da sababbin filayen jiragen sama na duniya na shekarun baya, ya ga kusan duk labarin ɗaya ne. Lissafinsa ya nuna in aka bi hanyar da aka saba, aikin zai zarce kasafinsa da wajen fam biliyan 1, ya kuma makara. Aikin ba ƙarami ba ne: manyan sassa 16 da aka rarraba zuwa ƙanana 147, har da karkatar da koguna biyu, da tsawaita layukan dogo, da sabuwar hasumiyar kula da jirage, duk a tsakanin titunan sauka biyu da jirage ke tashi a kansu ba ƙaƙƙautawa.

Yarjejeniyar da BAA ya rubuta wa manyan 'yan kwangilarsa, wajen sittin, ita ce zuciyar labarin. Kamfanin ya ce haɗarin aikin duka nasa ne. Zai biya kowa ainihin abin da ya kashe, bisa sharaɗin littafin kuɗinsa a buɗe yake, a duba duk lokacin da aka so. Ribar kowa an killace ta gefe, ba ta ƙaruwa don matsala ta taso. In ayari ya gama sashensa ƙasa da abin da aka ƙiyasta, akwai lada daga rarar. Inshora ma BAA ya saya guda ɗaya ta rufe aikin gaba ɗaya, don kada kamfanonin inshora goma su zauna suna nuna wa juna yatsa. A maimakon haka, ya nemi abu biyu: ma'aikatan kamfanoni daban-daban su zauna wuri ɗaya a matsayin ayari ɗaya, kuma duk wanda ya hango matsala ya faɗa nan take.

Kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu taron 'yan kwangila da ba a faɗin irin wannan magana. Abin da karin maganar ba ta faɗa ba shi ne wa zai biya in jinkar ta suɓuce ta karye. BAA wannan tambayar ya amsa, kuma a ganina duk sauran abin da ake yabawa a aikin daga amsar ya tsiro.

Dubi rufin babban ginin. Bakunan ƙarfe ne masu tsallake mita 156 ba ginshiƙi a tsakiya, kuma ba a yarda a kafa dogayen injinan ɗaga kaya ba, don za su shiga hurumin na'urar radar ta filin. Mafita ita ce a harhaɗa rufin a ƙasa-ƙasa, sashe-sashe, a ɗaga shi da jak. Ba a taɓa yin wannan rufin ba, kuskure kuma a wurin yana nufin kowa ya tsaya. Sai masu zane da injiniyoyi da kamfanin ƙarfe da masu ɗagawa suka tafi can Yorkshire, a arewacin Ingila, suka kafa sashe guda na ƙafafun rufin a fili, da cikakken girmansa, don gwaji kawai. Nan suka ga ƙusar da hannu ba ya kaiwa gare ta, da ƙarfen da sai an sa shi kafin ɗan'uwansa ba bayansa ba, da inda mutum zai tsaya ba tare da ya faɗo ba. Suka gyara zane, suka sauya jerin aikin, sannan aka taho Heathrow. A kwangilar da aka saba, wa zai biya kuɗin ginin da za a kwance? Kamfanin ƙarfe ba zai biya ba, don wanda gwajin zai fi amfana shi ne mai gilashi da mai wayarin da za su shigo a bayansa. Mai aiki ne kaɗai yake ganin lissafin daga farko har ƙarshe.

Haka aka yi da hasumiyar mai tsawon mita 87. An harhaɗa kanta a gefen filin, aka ɗora shi a kan motoci masu tayoyi da yawa, aka tsallaka da shi titin jirage cikin dare guda, sannan aka riƙa ɗaga shi ana cusa gangar jikin daga ƙasa. Kaya kuwa, tunda hanyar shiga filin a ƙuntace take kuma babu wurin jibgewa, sai aka kafa cibiya a Colnbrook da ke kusa, ana kawo kayan ta jirgin ƙasa, ana lanƙwasa rodi a ɗaure shi a rumfa, a kai fili daidai lokacin da ake buƙata. Zane ma aka yi ƙoƙarin tara shi a kwamfuta wuri guda, yadda bututun wani ba zai ratsa ginshiƙin wani ba sai an je fili a gane. Babu ɗaya cikin waɗannan da BAA ya ƙago daga sama. Yawancinsu aro ne daga masu ƙera mota da masu haƙar mai. Sabon abin shi ne an samu yanayin da kamfanoni da yawa za su yarda su yi su tare.

An buɗe tashar ranar 27 ga Maris 2008, cikin watan da aka sa tun shekaru kafin nan, a kan fam biliyan 4.3. Kuma a ranar komai ya dagule. Ma'aikatan British Airways, kamfanin jiragen da zai yi aiki da tashar, suka rasa wurin ajiye mota, suka maƙale a layin bincike, wasu suka kasa shiga na'urar rarraba jakunkuna, lif da dama ba sa aiki. Cikin kwanaki kaɗan an soke tashin ɗaruruwan jirage, jakunkuna sama da 20,000 suka rabu da masu su. Kwamitin sufuri na majalisar dokoki da ya bi kadin lamarin ya ɗora laifin a kan ƙarancin tuntuɓa tsakanin BAA da British Airways, da kuma gazawa wajen horar da ma'aikata da gwada na'urori. Shugaban kamfanin jiragen na lokacin, Willie Walsh, ya amsa nasu laifin, amma ya ce jinkirin kammala wasu sassan ginin ya ci lokacin da aka ware wa gwaji da horo. Wato ko maganar an gama a kan lokaci tana da ƙura a gindinta.

Ni abin da na karanta a ranar nan shi ne haɗin kan ya tsaya daidai inda yarjejeniyar ta tsaya. Masu ƙarfe da masu kankare suna cikin da'irar, sun yi gwaji har Yorkshire. Wanda zai karɓi ginin ya yi aiki da shi, da ɗan dakon da zai loda jaka da asuba, suna wajenta. An yi maganin tsagar da ke tsakanin magina, sai ƙadangaren ya shiga ta wadda ke tsakanin magini da mai shiga gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo daga baya. A 2006 kamfanin Ferrovial na Sifaniya ya jagoranci sayen BAA, da bashi mai nauyi. Da aka zo sake gina tasha ta biyu, wadda aka buɗe a 2014, ba a ɗauko yarjejeniyar tasha ta biyar ba, an koma ga kwangilar da ke mayar da kaso mai yawa na haɗari kan ɗan kwangila. Akwai hujja. Kafin ka ce haɗari duka naka ne, sai kana da aljihu mai zurfi da kuma injiniyoyinka na kanka da za su iya zama da ɗan kwangila su gane in yana kumbura lissafi. BAA ya yi shekaru yana tara irin waɗannan mutane, kuma riƙe su tsada ne. Mai aikin da ba shi da su, in ya ce zai biya duk abin da aka kashe, ya buɗe rumbunsa ne kawai ya tafi barci.

Nan ne ya kamata mai karatu ya yi hattara da binciken kansa. Maƙalar da aka fi ambata a kan tasha ta biyar ta fito a 2009, marubutanta Andrew Davies da David Gann na kwalejin Imperial da ke Landan, na ukunsu kuma Tony Douglas, wanda shi ne ya taɓa shugabantar aikin. Ba aibu ba ne, don in ba ta hannun irinsa ba, ɗan jami'a ba zai ga takardun ciki ba. Amma haka yawancin wannan fage yake: kamfanin da aikinsa ya yi kyau shi ke buɗe ƙofa, manajoji ake yi wa tambayoyi, kuma babu tasha ta biyar ta biyu da aka gina da tsohuwar hanya balle a kwatanta. Ribar da ake cewa an samu, an auna ta ne da hasashen abin da da zai faru.

Sannan muryar na ƙasa ba ta cika fitowa ba. Yawancin aikin hannu a kowane babban fili ƙananan 'yan kwangila ne ke yin sa, waɗanda babban ya yanka wa, su ma su yanka wa wasu. Sau da yawa zumuncin da ake yi a sama ba ya gangarowa. Lokacin da Carillion, na biyu a girma cikin kamfanonin ginin Birtaniya, ya durƙushe a Janairun 2018, ya tafi da haƙƙin ƙananan kamfanoni wajen 30,000, kuma an san shi da sa su jiran kuɗinsu har kwana 120. Mutumin da ke jiran kuɗin aikin wata huɗu da suka wuce, ba shi za ka kira taron musayar dabaru ba.

Sai kuma dalilin nan da na ce zan dawo kansa. Kamfanonin gini sun iya haɗa kai sarai in sun ga dama, sai dai ba kullum a kan alheri ba. A 2009 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ci tarar kamfanoni 103 kusan fam miliyan 130 saboda haɗa baki wajen tayin kwangila, inda wani zai saka farashin bogi mai tsada don ɗan'uwansa ya ci. An rage tarar da yawa a ɗaukaka ƙara, amma laifin ya tabbata. Holan ma sai da majalisarta ta yi bincike a 2002 kan irin wannan. Doguwar hulɗa da sanin juna da yarda, waɗanda masu bincike ke cewa su ne takin ƙirƙira, su ne kuma takin haɗin baki. Duk mai kiran a sassauta dokar mafi arha, a Landan ne ko a Abuja, sai ya faɗi abin da zai sa a gurbinta. A Heathrow abin da aka sa shi ne buɗaɗɗen littafi da mai aikin da ya iya karanta shi.

Inda na ga abin ya ɗore, ba a ayyukan da ake nunawa a talabijin ba ne. Kamfanin ruwa na Anglian Water a gabashin Ingila ya kafa haɗaka da 'yan kwangilarsa tun 2005, yana sabunta ta duk zangon shekara biyar da hukumar ruwa ke tsara kashe kuɗi a kai. Aikinsu ɗaruruwan ƙananan ayyuka ne masu kama da juna, gidan famfo, matatar ruwa, shimfiɗa bututu. Tunda mutanen nan ɗaya ne kuma aikin yana maimaituwa, abin da aka koya a na goma yana amfani a na sha ɗaya, har ya zama da ma'ana a zana abu sau ɗaya a riƙa ƙera shi a masana'anta. Sun ɗaure ɗaurin nan na biyu da 'yan Suwidin suka ce sako-sako yake.

Ilmin tasha ta biyar kuwa bai mutu ba, amma ba a cikin kamfani ya zauna ba, a kawunan mutane ya yi tafiya. Laing O'Rourke da Mace, waɗanda suka yi aiki a can, suna cikin kamfanoni uku da suka jagoranci gina filayen wasannin Olympics na Landan na 2012. Andrew Wolstenholme, da ya riƙe ginin tashar, ya zama shugaban Crossrail a 2011, sabon layin dogo da ya ratsa ƙarƙashin Landan. A can aka yi ƙoƙarin mayar da ƙirƙira tsari mai ofis da ma'aikata, da taimakon kwalejin Imperial, aka sa masa suna Innovate18. Manyan 'yan kwangila suka zuba kuɗi a asusu ɗaya, kowane ma'aikaci yana iya shigar da dabararsa a shafin intanet, a gwada, in ta yi kowa ya ɗauka kyauta, har abokin hamayya. Tsari ne mai kyau, wasu manyan ayyuka sun gaje shi.

Sai dai galibin dabarun da suka shiga asusun irin waɗanda fili ɗaya zai iya gwadawa ne shi kaɗai, na kare lafiyar ma'aikata, na awo, na rage takardu. Abin da ya kayar da jadawalin Crossrail yana wani wuri. Jiragen sai sun yi magana da tsarin sigina iri uku daban-daban a kan layi ɗaya, manhajar jirgin tana hannun wani kamfani, siginar tsakiyar birni tana hannun wani, tashoshi kuma an rarraba su ga 'yan kwangila da yawa, kowa da takardarsa da ranar gamawarsa. An sa Disambar 2018 za a buɗe, da kasafin fam biliyan 14.8. Sai a ƙarshen Agustan shekarar, saura wata huɗu, aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Layin, wanda aka raɗa wa suna Elizabeth, bai ɗauki fasinja a tsakiyar Landan ba sai 24 ga Mayu 2022, kuɗin ya doshi biliyan 19, tashar Bond Street kuma ta ƙara wata biyar a rufe kafin jirgi ya fara tsayawa a cikinta.